Dutsen Mars a Gonarmu, Iliminsa a Garin Wasu

Ranar 3 ga Oktoban 1962, wani manomi a kusa da Dutsen Zagami, cikin lardin Katsina na wancan zamani, yana korar tsuntsaye daga gonarsa sai ya ji wata ƙara kamar ta aradu. Wani abu ya faɗo 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye, ya nutse cikin ƙasa. Da aka tono shi sai ga dutse mai nauyin kilo 18. Shekaru da dama bayan nan masana suka tabbatar cewa ɓallin duniyar Mars ne. Sau biyar kacal aka taɓa ganin dutsen Mars yana faɗowa da ido a tarihi: a Faransa a 1815, a Indiya a 1865, a Masar a 1911, a Zagami a 1962, sai a Maroko a 2011, kuma a cikinsu babu dutse guda da ya kai na Zagami girma. Yau ɓarɓashinsa yana ɗakunan bincike da gidajen tarihi na ƙasashe da yawa, an rubuta ɗaruruwan takardun ilimi da sunan wannan ƙauye a ciki, har an saka ɗan guntunsa cikin kumbon Mars Global Surveyor da Amurka ta harba a 1996, ya koma inda ya fito. Amma a shiga makarantar sakandare a Katsina ko Funtuwa a tambayi ɗalibai labarin dutsen Zagami, a ga mutum nawa za su ɗaga hannu.

Bayan shekara sittin da ɗaya labarin ya maimaita kansa a Nijar. A watan Nuwamban 2023 wani mai farautar duwatsun sama ya tsinci dutse mai nauyin kusan kilo 25 a hamadar jihar Agadas. An auna shi a ƙasashen waje, aka yi masa rajista da lamba NWA 16788, aka baje kolinsa a Italiya, sannan a watan Yulin 2025 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi a birnin New York a kan dala miliyan 5 da dubu 300, a matsayin ɓallin Mars mafi girma da aka taɓa samu a doron ƙasa. Sai bayan cinikin hukumomin Yamai suka buɗe bincike kan yadda ya fita, suka kuma dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu. Mutane da yawa sun tsaya ne kan kuɗin da aka yi asara. Ra'ayina shi ne asarar ilimi ta fi ta kuɗi girma. Matashin da ke mafarkin aiki a fannin kimiyyar duniyoyi yana zaton sai ƙasarsa ta mallaki roka da kumbo zai samu shiga, alhali ƙofa mafi kusa da shi tana cikin waɗannan duwatsu da ke faɗowa a ƙasarmu, kuma sakacinmu ne ya rufe ta.

Dole a fahimci yadda wannan sana'a take kafin a gane dalili. Mafi yawan masu binciken duniyoyi ba 'yan sama-jannati ba ne, ba kuma maƙeran roka ba ne. Masana duwatsu ne da sinadarai da lissafi da yanayi, waɗanda ke wuni a gaban madubin ƙara girma ko kwamfuta. Yadda aka gano asalin duwatsun Mars ma aikin ɗakin gwaji ne. A 1976 kumbon Viking guda biyu sun sauka a Mars sun auna iskar da ke can. A 1983 wasu masana biyu a Amurka suka gano cewa iskar da ta maƙale cikin wani dutse da aka tsinta a yankin ƙanƙara na Antaktika ta yi daidai da wadda Viking ya auna, daga baya aka samu irin wannan shaida a jikin dutsen Zagami. Da awon sinadarai aka san cewa narkakken dutsen da ya zama Zagami ya daskare kimanin shekaru miliyan 180 da suka wuce, kuma wani karo mai ƙarfi ya cillo shi sararin samaniya kimanin shekaru miliyan 3 baya. Duk wannan ilimin ma'adinai ne, irin wanda tushensa ake koyarwa a sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai. Ƙari a kan haka, hotuna da alƙaluman da kumbunan hukumar NASA ke aikowa ana zuba su a intanet kyauta ga duk mai iya sarrafa su.

Wanda ke ganin wannan tatsuniya ce ya dubi Sudan. A watan Oktoban 2008 wani mai duban sama a jihar Arizona ya hango wani ƙaramin dutse, faɗinsa kimanin mita huɗu, yana nufo duniya, saura ƙasa da kwana guda ya iso. Aka lissafa cewa a arewacin Sudan zai shigo, haka kuwa aka yi, ya tarwatse a saman hamadar Nubiya ranar 7 ga wata. Karo na farko ke nan da aka ga irin wannan dutse tun yana sama kafin ya faɗo. Muawia Shaddad na Jami'ar Khartoum ya haɗa kai da Peter Jenniskens daga Amurka, suka kwashi ɗalibai da malamai suka jera su sahu cikin rairayi suna tafiya a ƙafa suna dubawa. A ƙarshe an tattara gutsattsari wajen 600, aka raɗa musu suna Almahata Sitta, wato tasha ta shida, saboda tashar jirgin ƙasa da ke kusa. Da sakamakon ya fito a mujallar Nature a 2009, akwai sunayen 'yan Sudan cikin marubutan. Ba roka aka yi amfani da ita ba. Motoci ne da ruwan sha da malami guda da ya san darajar abin da ya faɗo.

Maroko ta fi nuna abin da dagewa ke haifarwa. Shekara da shekaru kasuwannin kudancin ƙasar su ne mashigar duwatsun Sahara zuwa Turai da Amurka, abin da ya sa dubban duwatsu suke ɗauke da lambar NWA, wato arewa maso yammacin Afirka, don ba a san takamaiman inda aka tsince su ba. Farfesa Hasnaa Chennaoui Aoudjehane ta Jami'ar Hassan na Biyu a Kasabalanka ta ɗauki nauyin rubuta wurin faɗuwa da ranar faɗuwa, tana horar da ɗaliban digiri na uku a kan duwatsun ƙasarsu. Ita ta jagoranci takardar farko a kan dutsen Tissint, wato dutsen Mars da ya faɗo a ƙasar a 2011, kuma a 2014 ƙungiyar masana duwatsun sama ta duniya ta yi babban taronta na shekara a Kasabalanka. Senegal kuwa ta bi ta wata hanyar. A 2018, sannan a 2020 da 2021, masana daga ƙasashen waje sun haɗu da 'yan ƙasar ƙarƙashin jagorancin Maram Kaire, suka baza ƙananan madubin hangen nesa cikin karkara don auna inuwar wasu duwatsu masu nisa lokacin da suke gilmawa gaban tauraro, aikin da kumbunan New Horizons da Lucy suka amfana da shi. Yau Senegal na da hukumar nazarin sararin samaniya, Kaire ne shugabanta.

Suka ta farko da za a yi ita ce wadda kowa ya sani: ƙasar da ke fama da yunwa da 'yan bindiga da makarantu marasa rufi, ina ita ina nazarin Mars? Tambayar tana da nauyi, kuma da roƙona shi ne a zuba biliyoyi kan harba kumbo, da na ba mai tambayar gaskiya. Abin da ake buƙata ya yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba, sannan amfaninsa bai tsaya a sama ba. Na'urar da ke faɗin sinadaran da ke cikin dutsen sama ita ce ke faɗin abin da ke cikin dutsen da mahaƙa suka fasa a Anka ko Arlit. A 2010 yara sama da 400 sun mutu a Zamfara saboda dalmar da ke cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a tsakar gida, kuma gano musabbabin ya dogara ne ƙwarai da taimakon masana daga waje. Mutumin da ya iya karanta hoton tauraron ɗan'adam don gano busasshen kwari a Mars zai iya karanta shi don bin sawun kwararowar hamada ko janyewar tafkin Chadi. Ƙasar da ke sayar da ma'adininta ba tare da ta iya auna shi da kanta ba, kullum mai saye ne zai yanka mata farashi.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi: ko a ƙasashen da suka mallaki fannin, aikin yi ya yi wuya. Gaskiya ne. Cibiyar JPL da ke Kalifoniya, wadda ta ƙera motocin da ke yawo a Mars, ta sallami ma'aikata sama da 500 a watan Fabrairun 2024, ta ƙara wasu sama da 300 kafin shekarar ta ƙare. A 2025 fadar shugaban Amurka ta gabatar da kasafin da ke neman zaftare kusan rabin kuɗin binciken kimiyya na NASA. Shirin ɗauko duwatsu daga Mars ya shiga ruɗani bayan wani kwamiti ya ƙiyasta zai iya cin dala biliyan 8 zuwa 11. Saboda haka duk wanda ya yi wa matasa alkawarin dubban ayyuka a wannan fanni yaudararsu yake yi. Amma wannan hujja a wajena ƙarfafa batun take yi. Idan guraben waje suna raguwa, tura ɗalibi ya je ya yi takara da 'yan gida a kan kayan aikinsu ba dabara ba ce. Wanda ya je da abin da ba su da shi, wato samfuri da sanin fili da damar shiga hamada, abokin aiki ne ake nema, ba mai roƙon alfarma ba. Na yarda dutsen da ya faɗo ba ya maye gurbin wanda aka ɗauko da kumbo, tunda ba a san ainihin ramin da ya ɓallo daga ciki ba. Duk da haka duwatsun Mars da aka sani a duniya ba su wuce ɗari huɗu da 'yan kai ba, kuma kaso mai tsoka daga Sahara suka fito.

Akwai kuma masu cewa maganin abin shi ne a haramta fitarwa baki ɗaya, a hukunta duk wanda aka kama. Fushin da ya haifi wannan ra'ayi halal ne, sai dai hani shi kaɗai ba ya samar da masani ko guda. Makiyayi ko direban da ya tsinci baƙin dutse mai nauyi a hamadar Tenere, in ya san ƙwace za a yi, ɓoyewa zai yi ya miƙa wa dillali a asirce, dutsen ya ƙetare iyaka babu sunan wuri, ilimin da ke tattare da inda ya kwanta ya salwanta. Hanya mafi hikima tana cikin ƙa'idar da masana suka riga suka gindaya: kafin a amince da sunan sabon dutse a hukumance, dole a ajiye samfurinsa, giram 20 ko kashi 20 cikin ɗari, duk wanda ya fi ƙanƙanta, a wata ma'ajiya da aka yarda da ita. Me zai hana Najeriya da Nijar su kafa irin wannan ma'ajiya a jami'o'insu, doka ta ce a yi rajistar kowane dutse a gida, a bar samfuri a gida, matsinci ya samu haƙƙinsa a fili, sannan duk ɗakin binciken waje da ke son yanki ya karɓi ɗalibinmu cikin aikin, sunansa ya fito a takarda?

Kayan farawa suna nan. Najeriya na da hukumar sararin samaniya tun 1999, tana da cibiyar nazarin falaki a Nsukka, tana da hukumar binciken ma'adinai mai daɗaɗɗen tarihi a Kaduna. Bayan Zagami, wani dutse ya faɗo a Mayo Belwa a 1974, wani a Gujba a 1984, dukansu daga nau'o'in da ba kasafai ake samu ba. A Ghana ga tafkin Bosumtwi kusa da Kumasi, ramin da dutsen sama ya haƙa fiye da shekaru miliyan ɗaya da suka wuce, faɗinsa ya haura kilomita 10, inda masanan duniya suka yi haƙon bincike a 2004. Abin da ya rage shi ne mutane: a ce ɗalibai biyar ko goma a kowace shekara, daga sassan duwatsu da kimiyyar lissafi da sinadarai, a biya musu karatu, a tanadar musu gurbi da na'urar da za su dawo su tarar, don kada horon ya zama tikitin ƙaura. Duwatsun ba su daina faɗowa ba, kuma ba sa aiko da sanarwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da wani manomi zai sake jin irin ƙarar da aka ji a Zagami, ya kamata a ce akwai wata malama a Zariya ko Yamai da za a kira a waya, ta iso da ɗalibanta kafin dillali ya iso.