Wifi daga gari zuwa ƙauye: me ya sa doka ke taƙaita ƙarfin na'ura?

Tun da Starlink ta fara aiki a Nijar a 2025, sana'ar saida wifi ta bazu. Mutum guda ya sayi kwano a cikin gari, sai ya kafa ƴar eriya bisa dogon ƙarfe, ya harba rezo zuwa wata eriyar a ƙauye mai nisan kilomita goma ko fi. Sau da yawa ƴan uwa na Abijan, Legas ko Faransa ne ke aiko kuɗin kayan, don su riƙa ganin iyaye ta WhatsApp. Kuma idan rezo ya yi rauni, shawarar da ake ba juna guda ce: "Ƙara mata ƙarfi har ƙarshe."

To nan ne doka ta shigo. A Nijar hukumar ARCEP ce ke kula da zangunan sadarwa, kuma ƙasarmu tana yanki na ɗaya na ƙungiyar sadarwa ta duniya, tare da sauran Afirka da Turai. A ƙa'idar Turai, zangon gigahaz 2.4 ba ya wuce miliwat 100, zangon megahaz 5470 zuwa 5725 kuma wat 1. Amurka ta fi sassauci: tsakanin 5725 da 5850 na'ura na iya fitar da wat 1, kuma idan layin tsakanin wuri biyu ne kaɗai, ba a ƙayyade girman eriyar ba. Shi ya sa na'urorin Ubiquiti da MikroTik ke tambayar sunan ƙasa lokacin saiti. Wasu masu haɗawa sukan zaɓi ƙasar da ta fi ba su ƙarfi. Amma dokar Amurka ba ta aiki a Madarunfa, jama'a.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, ƙa'idar Turai ba ƙarfin na'ura kaɗai take aunawa ba, har da abin da eriya ta ƙara. Kamar tocila ce: ƙwan ƙarami ne, amma madubin da ke bayansa na tattara hasken wuri guda. Kwanon da aka rubuta wa 30 dBi yana ninka ƙarfi sau 1000 ta inda ya fuskanta. Kenan a inda iyaka take wat 1, mai irin wannan kwano miliwat 1 tak ya kamata ya saki. Wanda ya buɗe na'urarsa duka ya wuce iyaka sau ɗaruruwa, bai ma sani ba.

Wa yake cutarwa? Da farko maƙwabcinsa mai irin sana'ar. Shi ma ya ƙara nasa, na uku ya ƙara, sai abin ya koma kamar ranar kasuwa: kowa na ihu, ba mai jin wani. Na biyu, tsakanin 5600 da 5650 ne radar masu duba yanayi ke aiki a ƙasashe da dama, dalilin da ya sa aka wajabta wa na'urori su kauce idan sun ji radar.

Kuma ƙarin ƙarfin ba ya biya yadda ake zato. Don a ninka nisa sau biyu, sai an ninka ƙarfi sau huɗu. Galibi matsalar ma ba ƙarfi ba ce, tsayi ne. A layin kilomita 10, siginar na buƙatar sarari kusan mita 7 sama da komai a tsakiyar hanya. Gawo ɗaya ko tudun yashi ya isa ya ɓata aikin. Kuɗin da za a kashe wajen neman "mai ƙarfi" gara a ƙara wa ƙarfen tsayi, a sayi kwano babba a gefe biyu, don babban kwano har ji yake ƙara wa na'ura.

Duk da haka, a ganina masu ƙorafi suna da hujja. Ƙa'idar da aka tsara don cunkoson Paris ba lallai ta dace da dajin Tanut ko Abalak ba, inda za ka yi tafiyar kilomita da yawa ba eriya ko guda. Layin da aka saita tsakanin wuri biyu siriri ne, ba ya fantsama, kuma wannan ne ya sa Amurka ta sassauta masa. Ya kamata ARCEP ta duba wannan bambanci don karkara, ta kuma bayyana iyakokin da Hausa da Zabarmanci a gidajen rediyo, tun da masu hawa ƙarfen nan ba su ne ke karanta takardun Faransanci na Yamai ba.

Kafin nan, wanda zai aiko kuɗi ya tambayi mai haɗawa abu uku: wace ƙasa ya zaɓa a saiti, mita nawa ne tsayin ƙarfen, kuma ko ya tuntuɓi ARCEP kan izinin saida rezo.