Wasiƙa zuwa ga Marigayi Dokta Sigvald Refsum

Malam Likita,

Gaisuwa ta girmamawa daga Garhanga, cikin ƙasar Adar. Ka bar duniya tun 1991, amma cutar da ka bayyana a Norwe a 1946, wadda aka laƙaba wa sunanka, ta sa ni rubuto maka, domin alamarta ta farko tsohuwar saniya ce a wurinmu: dundumi.

A nan, yaro in ya fara laluben hanya bayan magariba, cewa ake a ba shi hanta, a ƙara masa nono da man shanu. Galibi an yi daidai, ƙarancin bitamin A ne. Kada kowa ya ji ni ya hana ɗansa nono. Amma ga mai cutarka, wannan abincin shi ne ke ƙara masa ciwo.

Bayanin da aka gano bayanka ya ƙayatar da ni. Jiki yakan sare kitse mai miƙaƙƙen jiki gaɓa biyu-biyu har ya ƙare, kamar mai faskaren icen da ba ƙulli. Shi kuwa kitsen fitanik, wanda ƙwayoyin cikin tumbin saniya da akuya da tunkiya ke fitarwa daga koren ganye, reshe gare shi a gaɓa ta uku, inda saran zai faɗa. Enzayim ɗin kullum ba ya iya masa. Sai wani na musamman, cikin ɗakin ƙwayar halitta da ake kira feroksisom, ya fara gyara shi a cire gaɓa guda, ya koma firistanik, sannan aiki ya ci gaba. Kowane enzayim da irin abin da yake kamawa, ba ya taɓa na wani. Wanda ya gaji lalataccen PHYH, ƙwayar gadon wannan enzayim na musamman, daga uwa da uba duka, kitsen nan sai ya yi ta taruwa shekara da shekaru: ido ya dushe, hanci ya daina jin wari, kunne ya yi nauyi, tafiya ta zama tangaɗi, fata ta yi saɓa, wani lokaci har bugun zuciya ya rikice.

Cutar ba ta da yawa a duniya. Sai dai mu masu auren zumunci ne, masu kiwo, kuma mun san bazarar da rumbu ke yin ƙasa. Wannan na ƙarshe ya fi tayar mini da hankali, domin in mai cutar ya rame farat ɗaya, kitsen da jikinsa ya ajiye yakan kwararo cikin jini. Ko azumi, sai da shawarar likita.

Abin da ya sa nake ganin girmanka shi ne, sai a 1963 masana Klenk da Kahlke a Jamus suka gano taruwar fitanik a jikin mai cutar, sai a 1997 aka gano PHYH. Kai da ido da tambaya ka gane ta, da bin dangin majiyyata ɗaya bayan ɗaya. Wannan bai fi ƙarfin ma'aikacin lafiyarmu na ƙauye ba. In dundumi ya ƙi jin bitamin A, ya tambaya: kana jin ƙamshin miya? Akwai ɗan'uwanka mai irin wannan? Iyayenku dangin juna ne? Ya duba ko ɗan yatsan ƙafa na huɗu ya gajarta. In amsoshin sun haɗu, ya rubuta takarda zuwa babban asibitin Tawa ko Yamai, ya sa sunanka a kai domin a nemi awon jini.

Naka mai girmama aikinka,
wani ɗan Garhanga