Wa ya ce kurma ba shi da rabo a waƙa?

Duk lokacin da aka ambaci tsayar da tafintan kurame a dandalin waƙa, sai ka ga waɗansu masu jin kansu masana kiɗa suna murmushin raini. Hujjarsu guda ce: waƙa abincin kunne ce, kai kurma wurin kiɗa kuwa tamkar kai makaho kallon kokowa ne. Waɗansu har suna ƙarawa da cewa salo ne na Turawa masu son a ce suna da tausayi. Wannan magana ta raggon tunani ce, kuma tarihin mawaƙiya guda, Ba'amurkiya mai suna Holly Near, ya isa ya rushe ta.

An haifi Holly Near a shekarar 1949 a garin Ukiah na jihar Kalifoniya. Ta fara da wasan kwaikwayo, sannan a 1971 ta bi ayarin su Jane Fonda da ke zagayawa yana yi wa sojoji wasanni na adawa da yaƙin Biyetnam. A 1972 ta kafa kamfaninta na faifai, Redwood Records, domin manyan kamfanoni ba su da marmarin irin waƙoƙin da take tsarawa a kan yaƙi da ƴancin mata da ƙuncin ma'aikata. Irin mawaƙan nan ne da Amurkawa ke kira mawaƙan jama'a, masu tsara baitinsu da kansu, waɗanda jarinsu duka yana cikin abin da suke faɗa. Ƴar'uwarta Timothy ta yi wasa da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta kurame ta ƙasar, saboda haka maganar hannu ba baƙuwa ba ce a gidansu. Tun cikin shekarun 1970 Near ta riƙa yawon waƙa tare da tafinta, Susan Freundlich, wadda take tsayawa a gefenta cikin haske, tana mayar da kowane baiti zuwa yaren hannu na kuramen Amurka. A 1981 aka fito da wani gajeren fim, See What I Say, da ya haɗa wasan nasu da hira da mata kurame, har ya shiga jerin masu takarar kyautar Oscar.

To, me masu raini suka kasa gani? Sun ɗauka waƙa sauti ce kawai, alhali Bahaushe ya fi kowa sanin ba haka ba ne. A cire maganar Shata daga waƙar Shata, me ya rage in ba kalangu ba? Mutane ba su haddace Ɗan Gurmu don zaƙin tsirkiya kaɗai ba; habaici da zambo da gargaɗi suka riƙe. Magana kuwa ana fassara ta. Shi kansa kiɗan bai tsaya a kunne ba, duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da babbar ganga ya san a ƙirji take sauka. Evelyn Glennie, makaɗiyar nan ta Sikotilan da ta kurmance tun tana yarinya, ba takalmi take hawa dandali domin ta ji amo ta tafin ƙafa, kuma manyan ƙungiyoyin kiɗa na duniya sun yi wasa da ita.

Raini ga maganar hannu tsohon ciwo ne. A 1880 malaman kurame, kusan dukansu masu ji, suka taru a birnin Milan na Italiya suka yanke cewa a fitar da ita daga makarantu, a tilasta wa yara karanta leɓe. Sai a 1960 masanin harshe William Stokoe ya nuna cewa yaren hannu na Amurka harshe ne cikakke mai nahawunsa, ba kwaikwayon Ingilishi ba. Ɗaga gira yana iya mayar da jimla tambaya. Wurin da aka ajiye hannu a sarari yana nuna wa ya yi wa wa. Saboda haka aikin Freundlich fassarar adabi ne, irin wadda mai mayar da waƙar Hausa Faransanci yake fama da ita, da ƙarin wahalar cewa dole kafaɗa da gwiwa su riƙe kari, fuska kuma ta ɗauki fushi ko begen da ke cikin murya.

Amma akwai abokin gaba na biyu, kuma a ganina ya fi na farko haɗari, domin shi da fara'a yake zuwa. Shi ne mawaƙin da ya koyi alamu goma, yana rerawa yana kaɗa hannu, masu ji suna tafi suna share hawaye, kurame kuwa suna kallon juna. Tsarin jimlar baki daban, na hannu daban. Wanda ya ce zai yi su tare, galibi na hannun yake karyawa. Kurame da dama sun daɗe suna kukan cewa an mayar da harshensu kwalliya. Duniya ta ga iyakar wannan a watan Disamba na 2013, a taron juyayin Nelson Mandela a Johannesburg, inda wani ya tsaya kusa da shugabannin ƙasashe yana ta wulwula hannu ba ma'ana, kurame ne kuma suka fara tona shi. Abin yabo ga Near shi ne ta san waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, fassara kuma a hannun mai ita: ta raba dandalinta da gwana. Ƙungiyar mata baƙar fata ta Sweet Honey in the Rock ta wuce nan. Shirley Childress, wadda iyayenta kurame ne, ta zama cikakkiyar ƴar ƙungiya, tana sa sutura irin tasu, tana hawa dandali tare da su shekaru fiye da talatin, kafin rasuwarta a 2017.

Kada wani ya ce zancen ƙasar nesa ne. Muna zaune a tsakiyar yankin sanƙarau, cutar da takan bar yaro da rai ta tafi da jinsa, kuma waɗanda suka ga annobar 1995 a Nijar ba su manta ba. Kuramen ƙasar Hausa suna da nasu harshe tun kafin boko, wanda ake ciniki da shi a kasuwa. Constanze Schmaling ta yi nazarinsa a Kano, ta buga littafi mai suna Maganar Hannu a shekarar 2000. A gefe guda kuma makarantun da Andrew Foster, kurma Ba'amurke baƙar fata, ya fara buɗewa daga Ghana a 1957 sun watsa alamu masu tushen Amurka a Afirka ta Yamma, har ƙasashe masu amfani da Faransanci. Da wanne za a fassara waƙar gurmi a Tawa ko Damagaram? Kurame da ƙungiyoyinsu za a tambaya. Ba hurumin marubucin wannan shafi ba ne, ba kuma na mai shirya biki ba.

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan haƙƙin naƙasassu a 2008, kuma sashe na 30 nata ya ambaci shiga harkokin al'adu da girmama yaren hannu ƙarara. Mai karatu ya tuna bukukuwan da ya halarta tun daga lokacin, a gidajen raya al'adu ko a gasar Ɗan Gurmu, ya ƙirga sau nawa ya ga tafinta a gefen mawaƙi. Masu shirya wasa za su ce kuɗi. Abin da ake bukata kuwa tafinta ne da za a biya kamar yadda ake biyan mai kalangu, da fitila guda da za ta haska hannunsa, da kujerun gaba ga masu kallonsa, sai kuma mawaƙi ya daure ya ba shi baitocin kwanaki kafin ranar wasa, domin habaici ba ya fassaruwa a tsaye.