Ƙaunar Allah ba a auna ta da jikka

Tun ranar Lahadi abin yake cina. Wani saƙon murya ne ke yawo a wayoyin masu bi daga Madawa har Buza, wa'azin wani mai kiran kansa annabi daga ƙetaren iyaka. Ba zan faɗi sunansa ba, kada in yi masa talla kyauta. Maganarsa ita ce, in Allah yana ƙaunarka za a gani a jikinka, a gani a aljihunka. In kuwa shekara ta zagayo ta tarar da kai inda ta bar ka, to akwai abin da ya shiga tsakaninka da Ubangiji, maganinsa kuma sai ka shuka iri. Lambar da za a aika irin tana ƙarshen saƙon, ya karanta ta a hankali don kada kowa ya yi kuskure.

Wata gwauruwa a wani ƙauye kusa da Babankatami ta sayar da akuyarta ta aika masa. Asarar akuyar ta yi mini zafi, amma tambayar da ta yi wa matar fastonsu daga baya ta fi. Ta ce, Mama, ko dai Allah ya daina sona ne, tun da rumbuna ya ƙare tun ba a shiga bazara ba?

In da dukiya ake gane wanda Allah yake so, ai duk ƙasar Adar ta shiga uku. Wanda ya taɓa hawa tudun Kaita ya san abin da nake nufi: dutse, fako, ƙoramun da ke cin gona kowace damina. A shekarar yunwar 1984 aka fara babban aikin raya ƙasa na Kaita da kuɗin Italiya, mata kuma su ne suka fi ɗaukar nauyinsa, maza da yawa sun tafi cin rani. Su suka yi jigilar duwatsu a ka, suka jera su don tare ruwa, suka haƙa ramukan dashe a ƙasar da gatari ke tsalle in ya sauka a kanta, ladansu abinci. Kafin nan, tun 1975, an fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya don karya iskar da ke kwashe ƙasar noma. Galibin waɗannan mutane Musulmi ne, maƙwabtanmu, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya ce fari alama ce ta Allah ya ƙi shi ba. Sai mu da muke wa'azin gicciye ne za a zo a koya wa cewa wahala shaidar ƙiyayya ce?

Ku tuna daga inda ikkilisiyar ƙasar nan ta fito. 'Yan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, daga baya Tsibiri. Asibitin Galmi, wanda duk mai ciwo a yankinmu ya san hanyarsa, an buɗe shi a 1950. A Danja kusa da Maraɗi aka kafa wurin jinyar kutare. Cikin waɗanda suka fara ba da gaskiya akwai mutanen da cuta ta cinye musu yatsu, dangi suka ware musu ƙwarya, akwai marayu, akwai waɗanda aka kora daga gida saboda sun bi Almasihu. Bisa ma'aunin annabin waya, su ne mafi nisa da ƙaunar Allah. Amma a bakinsu muka ji labarinta. Tsofaffin da na tarar ina yaro ba su da komi sai gona da jaki, wasu ko jakin babu, duk da haka in suka ce Ubangiji yana da aminci, kana jin maganar tana da nauyi, don sun binne 'ya'ya sun kuma dawo sujada ran Lahadi. Abin da ƙaunar Allah ta ba su shi ne ƙarfin tashi da safe bayan jana'iza, da zuciyar da ba ta yi ɗaci ba, da hannun da ke iya miƙa wa wani fura alhali nasu bai isa ba. Ban san wata riba da ta fi wannan ba, kuma ba a sayenta da kuɗin akuya.

Manzo Bulus, a sura ta 8 ta wasiƙarsa ga Romawa, ya jera abubuwan da ba su isa su raba mai bi da wannan ƙauna ba, ya sa yunwa a ciki, ya sa tsanani. Mutum ba ya lissafa abin da ba zai faru ba. Ya san mai bi zai ji yunwa, shi kansa ya sha bulala ya kwana kurkuku. Abokan Ayuba kuwa wannan wa'azin na wayar suka yi masa tun da daɗewa, cewa lalle akwai laifin da ya ɓoye, a ƙarshen littafin kuma su Allah ya tsawata wa.

Na san za a ce mini Allah yana buɗi, talauci kuma ba tsarki ba ne. Na yarda, ni ma ina roƙon albasar Galmi ta yi kuɗi bana.

Mu masu bi 'yan kaɗan ne a ƙasar nan, ƙidayar 2012 ba ta ba mu ko ɗaya cikin ɗari ba. A watan Janairu na 2015, ranakun 16 da 17, aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai saboda zanen da wata jarida ta buga a Faransa, abin da ba mu da hannu a ciki, aka yi asarar rayuka. Masu bi suka yi sujada cikin toka, shugabanninsu suka fito suka ce sun yafe, wasu iyalai kuma maƙwabtansu Musulmi ne suka ɓoye su. A ranakun nan wa ya ga annabawan shuka iri? Wace lamba aka aiko mana ta taimako?

A nan zan koma kan tsohuwar maganata, ko da kun gaji da ita. Laifin namu ne. Littafi Mai Tsarki yana cikin Hausa tun 1932, kusan shekara ɗari ke nan, amma je ka zumuntar mata a ƙauye ka ƙirga masu iya buɗe shi su karanta da kansu. Mun bar ajin karatun manya ya mutu. Kuɗin da za a sayi allo da alli da su mun zuba a lasifika, kowace 'yar majami'a tana gasar ƙara da ta kusa da ita. Samarinmu da suka yi lakwal suna jin kunyar yin addu'a da Hausa, sai Faransanci, ko da tsohuwar da ke gefensu ba ta fahimci komi ba. Wanda bai iya karatu ba, duk muryar da ta fito daga waya da ƙarfi ita ce nassi a wurinsa. Wasu fastocinmu ma, in gaskiya za a faɗa, sun fara ɗanɗana wannan miya. Wa'azin baiko ya yi tsawo, ziyarar marasa lafiya ta gajarta. Wanda ya tsaya a bagade ya sa gwauruwa ta yi shakkar ƙaunar Mahaliccinta don ya cika kwandon baiko, ɓarawo ne, ko da kwat ya sa.

Ku kuma masu tura saƙon daga waya zuwa waya kuna rubuta amin a ƙasa, ku daina. Kuna da hannu.

Dattawan ikkilisiya na Buza, Kaita da Madawa, damina na tafe, kun kuma san watannin da rumbu ke zama fanko kafin sabon hatsi ya nuna. Ku rubuta sunayen gwauraye da marayun da ke cikinku tun yanzu. Kowane gida ya kawo tiya ɗaya ko biyu a ajiye a ɗakin majami'a, mutum biyu su riƙe lissafi. Fulani suna da al'adar habbanaye, a ba wanda ya rasa dabba aron uwa har ta haihu ya riƙe 'ya'yan, babu abin da ya hana mu koya daga gare su. A kuma sake buɗe ajin karatu, ko da sau ɗaya ne a mako bayan sujada. Zan zagayo bayan girbi in tambaya, majami'ar da ta yi kuma zan ambace ta a wannan fili.