Jirgin yaƙi ba ya rasa ubangida

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sayo mota a Kwatano ya kawo ta Maraɗi ya san ba a yi wa ma'aikacin duwan wasa da lambar shasi. Ko an sake fenti, ko an canja lambar gaba da ta baya, sai ya goge ƙarfen da tsumma, ya karanto maka inda aka ƙera ta. Motar miliyan biyu ke nan. To, ya ku masu karatu, yaya aka yi jirgin yaƙi na miliyar da miliyar na sefa, wanda kowane gunduwar ƙarfensa ke ɗauke da lamba, zai faɗo ko ya yi ɓarna a ƙasarmu, sannan hukuma ta fito da sanarwa ta ce wai « jirgi ne da ba a tantance ba »?

Wannan magana ba ta nesa ba ce ga mutanen Jiratawa. Ranar Juma'a 18 ga Fabrairu 2022, wani jirgi ya saki bam a ƙauyen Nacade, cikin gundumar Madarunfa, wato gundumarmu. Gwamnan jahar Maraɗi na lokacin, Shu'aibu Abubakar, ya ce yara 7 suka mutu, 5 suka ji rauni, kuma ya faɗi ƙarara cewa jirgin askarawan Najeriya ne ya yi kuskure yana bin ƴan bindiga. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ta karɓi masu rauni, ta ba da lissafin mutum 12 da suka rasu. Daga Abuja kuwa amsar da ta zo ita ce, bisa ƙa'ida jiragensu ba su tsallake iyaka, amma ana bincike. Ƙa'ida! Kamar dai ƙa'ida ce ke tuƙa jirgin.

Gwamnan ya cancanci a yaba masa, domin kuwa shekara bakwai kafin nan ba a samu wanda ya yi ko hakan ba. Ranar 17 ga Fabrairu 2015, a Abadam, kusa da Boso cikin jahar Difa, jirgi ya jefa bam kan mutanen da suka taru wurin zaman makoki, aka kashe 36. Gwamnati ta sa aka yi juyayi na kwana uku a faɗin ƙasa, aka sassauto da tuta, amma jirgin ya zama maraya. Mutanen wurin suka nuna Najeriya, Najeriya ta musanta, Yamai ta ce ba a tantance ba. Boko Haram dai ba ta da jirgi, wannan kowa ya sani.

Bari mu raba tambayoyi biyu da masu mulki ke son cakuɗa mana. Ta farko: jirgin na wane ne? Ta biyu: wa ya kaɓo shi, kuma a ina? Ta biyun tana iya wuya. Ta farkon ba ta da wuya ko kaɗan, muddin akwai tarkace a ƙasa. Jiragen Nijar suna ɗauke da rajista mai farawa da 5U, na Mali TZ, na Cadi TT, na Aljeriya 7T. Jiragen askarawan saman Najeriya kuwa ana rubuta musu NAF da lamba. Ban da wannan akwai tambarin ƙasa a fiffike da jiki, akwai faranti na kamfanin da ya ƙera inji, akwai lambar kujerar da ke cilla matuƙi waje, akwai harshen da aka rubuta gargaɗi da shi a jikin ƙarfen. Lokacin da Alpha Jet na Najeriya ya ɓace a Borno ranar 31 ga Maris 2021, Boko Haram ta fito da bidiyo tana cewa ita ta harbo shi, rundunar ta ce haɗa bidiyon aka yi. Aka yi ta ja-in-ja a kan wa ya kaɓo shi, kuma sai a Maris 2022 askarawa suka iske tarkacen a dajin Sambisa. Amma a kan mai jirgin ba a yi gardama ba ko ta minti ɗaya: NAF 475 na nan rubuce a jikin ƙarfen da ya ƙone.

Inda wuyar take shi ne a idon talaka da ke ƙasa yana ɗaga kai. Tambarin jiragen Nijar zobe ne kore, sai fari, sai ɗigo ruwan goro a tsakiya. Na Najeriya zobe ne kore, sai fari, sai ɗigo kore. Ɗigon tsakiya kaɗai ya raba su. Wane manomi ne zai gane launin ɗigo a jikin abin da ke gudun kilomita ɗaruruwa a awa? Siffar jirgin ma ba ta taimaka masa, tunda duk a kasuwa ɗaya maƙwabta ke sayayya. Su-25 na Rasha akwai shi a Nijar, akwai shi a Cadi. Jirgi mai saukar angulu samfurin Mi-24 ko Mi-35 kusan kowace ƙasa a yankin tana da shi. Kurman jirgin nan na Turkiyya, Bayraktar TB2, wanda Nijar ta karɓa a 2022, Mali da Burkina Faso da Najeriya duk suna tuƙa irinsa, kuma yana shawagi ne sama da kilomita 5, inda sai dai a ji gunjinsa. Saboda haka idan wani gwani na fada, da kofin shayi a hannu, ya rantse maka cewa ya gane jirgin Faransa ne ko na Amurka daga ƙararsa, ka sha shayinka ka ƙyale shi. Amma kada ka zarge shi da yawa. Hukuma ce ta bar masa filin.

Na taɓa kai wannan tambaya wani ofishi a Yamai. Babban ma'aikacin da ya karɓe ni, mutum mai fara'a, ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya amsa da Faransanci cewa wannan sirrin tsaron ƙasa ne. Mun yi makaranta iri ɗaya da shi, mun san kalmar, mun kuma san abin da ake rufewa da ita. Sirrin tsaro shi ne inda jirgi zai je gobe. Jirgin da ya riga ya faɗi, yara suka ɗauki hotonsa da salula, an wuce maganar sirri a kansa. Abokan gaba sun sani, maƙwabciya ta sani, kamfanin da ya sayar ya sani. Mu kaɗai, masu biyan lanho, ake ɓoye wa.

Kuma idan abin ya yi wa hukumomi daɗi, bakinsu na buɗewa har ya ba da mamaki. A daren 31 ga Maris zuwa 1 ga Afrilu 2025 wani kurman jirgi samfurin Akinci ya faɗi kusa da Tinzawatan, kan iyakar Mali da Aljeriya. Ƴan tawayen FLA suka ce su suka harbo shi. Aljeriya ta ce ita ce, domin ya shigo mata da kimanin kilomita 2. Ranar 6 ga Afrilu Bamako ta fito da sanarwa mai cike da lissafi: rajistar jirgin TZ-98D, tarkacensa na kilomita 9,5 kudu da iyaka. Mali da Burkina Faso da Nijar suka kira jakadunsu daga Aljas, daga baya Mali ta kai ƙara kotun duniya da ke Lahai. Ba na cewa ba a yi daidai ba da aka bayyana lambar. Cewa nake, ashe ana iyawa. An yi wa ƙarfen da babu ko mutum ɗaya a cikinsa abin da ba a yi wa mamata 36 na Abadam ba.

Na san abin da wasu Alhazai za su ce, don sun sha faɗa mani: kada a tsokano Najeriya, arzikinmu na bin hanyar Ɗan Isa da Jibiya ne. Alhaji, da girmanka, duba tarihin rufe iyakar. Daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 shinkafa da fasa-ƙwauri aka ba da hujja. Daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024 takunkumin CEDEAO ne bayan juyin mulki. A 2022 da gwamnan Maraɗi ya kira sunan Najeriya a kan Nacade, ko tirela ɗaya ba a tsayar ba saboda maganarsa. Kuma ai kai ne ka fi kowa sanin cewa bashin da ba a rubuta sunan mai shi ba, ba a biyansa. Diyya ma haka take. Uwar da ta rasa ɗa ba ta iya kai ƙarar « jirgin da ba a tantance ba ».

Akwai kuma rai na matuƙin kansa. Ranar 18 ga Yuli 2021 ƴan bindiga suka harbo wani Alpha Jet a Zamfara, matuƙinsa Abayomi Dairo ya cilla kansa waje, ya yi ta ɓuya har dare ya rufa masa asiri ya isa wani sansanin soja. Rundunar ba ta tabbatar da labarin ba sai washegari. Zamfara ba ta da nisa da mu a tafiyar jirgi. A ce iska ta kawo irin wannan mutum ya sauka cikin gonakin zogale na fadamar Jiratawa, ba ya jin Hausa, da bindiga a ƙugu, ga jama'a a firgice. Wa ya taɓa gaya wa manomanmu cewa sashe na 42 na ƙarin yarjejeniyar Janeba ta 1977, wadda Nijar ta sa wa hannu, ya hana a taɓa wanda ya sauko da lema daga jirgin da ya lalace, ko da na abokan gaba ne? Wa ya gaya wa masu sayen tsohon ƙarfe cewa tarkacen jirgi na iya ɗauke da harsashi ko roka da ba ta fashe ba, kuma farantin da za su auna a sikeli shi ne shaidar da kotu za ta nema? Gidajen rediyonmu na da lokacin tallan maganin basir, minti goma na wannan bayani ba zai gagare su ba.

Ga ma'aikatan da ke rubuta sanarwa kuwa, abin da muke nema bai fi layi uku ba: lambar jirgin, ƙasar da ta mallake shi, da izinin da ya shigo da shi, tunda yarjejeniyar Shikago ta 1944 ta ce jirgin gwamnati ba ya ratsa samaniyar wata ƙasa sai da yardarta. Idan da izini ya shigo, a faɗi wanda ya sa hannu. Idan babu izini, a faɗi abin da aka yi a kai.

An yi alkawarin bincike a kan Abadam a 2015, an yi a kan Nacade a 2022. Duk ma'aikacin da ke da kofin ɗaya daga cikin rahotannin nan biyu a durowarsa, a Yamai ko a Abuja, ya aiko mana. Za mu buga shi daga farko har ƙarshe, kyauta, kuma ba za mu faɗi sunansa ba.