Yabon gwani ya zama dole: masu binciken lafiyar ido ma a ba su nasu takobin

Ranar 30 ga watan Janairu na shekarar 2025, hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta tabbatar da cewa ƙasarmu Nijar ta rabu da cutar makantar bakin kogi, wadda ma'aikatan likita ke kira onko. Mu ne ƙasa ta farko a duk faɗin Afirka da ta kai ga wannan matsayi, kuma ta biyar a duniya, bayan Kolombiya da Ekwado da Meziko da Gwatamala. An yi jawabai, an tafa, kowa ya koma kan harkarsa.

To, amma jama'a, a shiga babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko Katako ta Yamai, a tambayi wanda ya fara ɗaukar takobin kokowar gargajiya a Tawa a 1975. Kafin a rufe baki dattawa za su ce Kantu na Maraɗi. A tambayi yara su wane ne Issaka Issaka, har yawan takubbansa za su lissafa. Sa'an nan a nemi sunan mutum ɗaya tak cikin waɗanda suka yi aikin da ya hana dubban ƴan Nijar makancewa. Nan za a ji shiru. Hausawa sun ce: ido wa ka rena? Ya ce wanda nake gani yau da gobe. Ba mu da ja da ƴan kokowa, sun sha ƙasa kafin su samu abin da suka samu. Abin da muke cewa shi ne, akwai wasu gwanayen da su ma suka ci kasa, kuma har yau ba a kaɗa musu ganga ba.

Bari mu tuna yadda abin ya faro. Wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda ne da ke hayayyafa inda ruwa ke gudu da ƙarfi yake ɗaukar ƙwayar cutar daga wani ya kai wa wani. Tsutsar ta zauna cikin jiki shekara da shekaru, tana zuba ƴaƴa, su kawo ƙaiƙayi mai hana barci, daga baya su shiga ido su kashe gani. A yammacin ƙasarmu, bakin kogunan Sirba da Tapowa da Mekru, sai da mutane suka bar gonaki masu albarka suka gudu tudu. A 1974 aka kafa babban shirin yaƙi da cutar a Afirka ta yamma, da ƙasashe 7, har da Nijar. Daga 1976 zuwa 1989 ana fesa magani a kan ruwa domin kashe tsutsotsin ƙudan. Kuma domin a san ko feshin yana ci, akwai bayin Allah da aikinsu shi ne su zauna bakin kogi tun safe har yamma, ƙafafu a buɗe, ƙuda ya sauka a kansu su kama shi cikin ƴar kwalba, a kai ɗakin bincike a duba. Jikinsu suka sa a matsayin tarko.

A can wata duniyar kuma, wani masani ɗan ƙasar Japan mai suna Satoshi Omura ya samo wata ƙwayar halitta cikin ƙasar da ya ɗebo, abokin aikinsa William Campbell a Amurka ya gano cewa abin da take fitarwa yana kashe tsutsotsi. Daga nan aka samu maganin ibamektin, wanda kamfanin Merck ya yi alkawari a 1987 zai riƙa bayarwa kyauta da sunan Mectizan. A 2015 aka ba mutanen nan biyu kyautar Nobel ta fannin likitanci, tare da wata mata ƴar ƙasar Sin, Tu Youyou, wadda ta gano sinadarin da ke cikin maganin zazzaɓin cizon sauro da muke ba ƴaƴanmu yau. Duniya ta karrama nata. Mu fa, ina namu?

Alhazanmu da hajiyoyinmu na kasuwa, akwai abin lura a nan. Manyan kyaututtukan ilimi na duniya ba duka gwamnati ke ba da su ba. Shi Alfred Nobel mai masana'antu ne, dukiyarsa ya bari aka fara rabon kyautar a 1901. Babbar kyautar binciken ido ta duniya kuwa, wani attajirin ƙasar Fotugal ne mai suna Antonio Champalimaud, wanda ya yi arziki da siminti da banki, ya bar wasiyyar dukiyar da aka kafa ta da ita bayan rasuwarsa a 2004. Tun 2007 ake ba da ita, kuma kuɗinta yuro miliyan ɗaya ne, wato kimanin sefa miliyan 656. A 2011 shirin Afirka na yaƙi da makantar bakin kogi ne ya ci ta. Ke nan dukiyar ɗan kasuwa ce ke ɗaga darajar mai bincike. Alhazan birni sun gina masallatai da makarantu, sun haƙa rijiyoyi, sun kai mutane Makka, Allah ya saka musu da alheri. Wannan ƙofar ce kawai ba a taɓa ƙwanƙwasa musu ba.

Wata za ta ce: ni da ke sayar da tumatir da tattasai, me ya haɗa ni da malaman jami'a? Uwa, abin da ya haɗa ku ya fi yadda kike zato. Idan mutum ya kai wajen shekara 40, ƙwayar idonsa takan fara tauri, ta daina lanƙwasawa yadda za ta ga abin da ke kusa. Ba maita ba ce, ba kambun baka ba ne, girma ne. Daga nan tela ya fara kiran yaro ya zura masa zare a allura. Mai tsintar shinkafa ta daina rarrabe tsakuwa. Mai shago ya riƙa miƙa hannu nesa kafin ya karanta littafin bashi. Mai turo kuɗi ta salula ya danna lamba ba daidai ba, jika goma ta tafi hannun wanda bai sani ba. Mai canji ya karɓi jabun takarda da magariba. Duk wannan hasara ce da ba ta shiga lissafin kowa.

Masu bincike ne suka zauna suka auna wannan hasarar. A 2018 aka wallafa wani bincike da aka yi kan masu tsinkar ganyen shayi 751 a jihar Assam ta ƙasar Indiya. Aka ba rabinsu madubin ido na karatu, aka bar rabi sai daga baya. Waɗanda suka samu madubi, ganyen da suke tsinka a yini ya ƙaru da kusan kashi 22 cikin ɗari. A 2024 aka sake fitar da wani binciken daga ƙauyukan Bangaladash, kan mutane sama da 800, cikinsu akwai teloli da masaƙa da masu shaguna da manoma, aka ga kuɗin da suke samu a wata ya ƙaru da kashi ɗaya bisa uku bayan sun samu madubi. Kowace ƴar kasuwa ta san ma'anar a ce ribar jika 30 ta koma jika 40. OMS ta ƙiyasta a rahotonta na 2019 cewa mutane sama da miliyan 800 a duniya ke fama da wannan rashin ganin kusa ba tare da madubin da ya dace ba.

A nan gida ma an yi binciken da duniya ta jinjina wa. Cutar amodari, wadda wasu ke kira amosanin ido, ta daɗe tana addabar jihohin Damagaram da Maraɗi. Ita ce ke juya gashin ido ya koma ciki yana gogar ƙwaya har mutum ya makance, kuma ta fi kama mata saboda su ke tare da yara. An rage ta ƙwarai da tiyatar fatar ido, da rabon maganin azitromisin, da wanke fuskar yara, da gina salanga. Cikin wannan aikin ne masu bincike suka lura, a ƙasar Habasha da farko, cewa garuruwan da ake rabon maganin, mutuwar yara tana raguwa. Aka gwada abin a Nijar da Malawi da Tanzaniya, kuma sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna cewa a gundumomin Boboye da Loga na jihar Doso, mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara 5 ta ragu da kashi 18 cikin ɗari. Ƴan Nijar na cikin waɗanda suka yi wannan aiki, irin su Farfesa Amza Abdu, likitan ido da ya daɗe yana jagorantar shirin ƙasa na lafiyar ido, tare da ma'aikatan da suka bi gida gida suna ƙirga yara. Sai dai a kula, wannan ba izini ba ne na a sayi maganin a tebur a ɗura wa yaro. Rabon ma'aikatan lafiya ne bisa awo, kuma shan irinsa barkatai yana sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani.

Mun san abin da wasu za su ce. Ƙasa na fama da matsalar tsaro da tsadar hatsi, lambar yabo kuwa ba ta cika tukunya. Gaskiya ne. Amma a duba lissafin da kyau. Yaron da ya samu bakaloriya yana kallon wanda al'umma ke girmamawa kafin ya zaɓi hanya. In ya ga likitan ido ya yi shekaru yana karatu, wani har Bamako a cibiyar IOTA, ya dawo ya tsufa ba wanda ya san da zamansa, to ko dai ya zaɓi wani fannin, ko ya gama ya nemi ƙasar da za ta san darajarsa. Mu kuma a bar mu da mai tallan madubi a faranti, da mai kwantar da yanar ido da tsinke, wanda sau da yawa yakan bar mutum da makantar da ba ta da gyara. Tsadar rashin gwani ta fi tsadar karrama shi.

Ba baƙon abu muke nema ba. A nan Yamai aka kafa hukumar CAMES a 1968, wadda ke tantance malaman jami'o'i tana ba su muƙamai bisa binciken da suka yi. Jami'o'inmu ma sunayen masana suke ɗauke da su: Abdu Mumuni a Yamai, Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi, Andire Salifu a Damagaram, Djibo Hamani a Tawa. Sai dai wannan girmamawa tana tsayawa cikin harabar jami'a, ba ta fitowa kasuwa.

Saboda haka muna kira da abubuwa huɗu.

Na farko, ofishin ministan kiwon lafiya da na ilimi mai zurfi su kafa kyautar ƙasa ta binciken lafiyar ido, a riƙa ba da ita duk shekara a ranar gani ta duniya, wato Alhamis ta biyu a watan Oktoba. A raba ta kashi kashi: ta likita ko malamin jami'a, ta mai awon gani da haɗa madubi, ta ɗalibin da ya rubuta kundin kammala karatu mafi amfani, da ta ƙaramin ma'aikacin karkara. A fara da tsofaffin masu kamun ƙuda da ke raye, tun ba a makara ba.

Na biyu, majalisar ƴan kasuwa da ƙungiyoyin mata masu adashi su sa hannu. Ba sai an kai miliyan ɗari ba. Amma wanda ya ba da kuɗi yana da ikon faɗin abin da ke damunsa. Ku ce a bincika muku mutum nawa ne cikin kasuwa ke bukatar madubi ba su da shi, me ke hana mata zuwa awon ido, wane lahani hayaƙin tuya da ƙurar hunturu ke yi wa gani, kuma madubin da ake shigowa da shi nawa ne mai kyau a ciki.

Na uku, a tsare kyautar daga sanayya da siyasa. Alƙalanta su kasance masana, a bayyana sunayensu, a faɗi dalilin zaɓensu a fili. Kyautar da aka ba ɗan uwa ko ɗan jam'iyya ta fi rashin kyauta muni, domin tana kashe zuciyar mai aikin gaskiya. Kuma a ware wani kaso na kuɗin domin ci gaba da binciken, kar duka ya tafi a walima.

Na huɗu, duk wanda ya ci kyautar ya zo gidajen rediyo ya yi bayanin aikinsa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci. Ilimin da ya tsaya a Faransanci cikin kabad bai kai ga mai shi ba, domin da jinin talakawa da idanunsu aka yi binciken.

Ku kuma iyayenmu da ƴan uwanmu na kasuwa, akwai karramawar da ke hannunku tun yau, ita ce amfani da abin da masanan suka gano. In kin kai 40, je ki a auna miki ido, ko da madubin faranti ya yi miki daidai. Madubi yana gyara karatu, amma ba ya nuna hawan jinin ido, cutar da ke cin gani a hankali ba tare da zafi ba, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Mai ciwon suga ya riƙa kai idonsa a duba duk shekara. Wanda yana ta rufe wa ido ya nufi likita, tiyata ce ta ɗan lokaci. Kada a ɗiga wa ido abin da ma'aikacin lafiya bai rubuta ba.

Jari na farko na ɗan kasuwa idonsa ne, da shi yake gane kaya, da shi yake ƙirga kuɗi, da shi yake gane fuskar mai bashi. Waɗanda suka ba da rayuwarsu wajen tsare mana wannan jari sun cancanci a kira sunansu a bainar jama'a tun suna raye. Muna jiran mu ga wanda zai fara ajiye nasa kason, tsakanin hukuma da ƴan kasuwa. Allah ya bar mu da ganinmu, ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.