Filin Mota da Hanya: Sandar Sitiyari Ba Ta Son Lallaɓawa

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar da aka fi rainawa a tsohuwar motar haya tana nan gaban direba, ƙarƙashin sitiyari, cikin murfin robar da ba kowa ke buɗewa ba. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati da ya tara ƴan kuɗinsa ya sayi Hiace ya saka ta tasha, yakan kashe dukiya wajen inji da tayu da fenti. Amma in direba ya zo ya ce sigina ta daina kamawa, ko makulli yana gardama, sai maigida ya ce a lallaɓa. To, wannan lallaɓawa ita ce zancen wannan mako.

Sandar sitiyari doguwar ƙarfe ce wadda ta taso daga sitiyari, wanda direbobi ke kira bolan, ta gangara zuwa akwatin da ke juya ƙafafun gaba. Abubuwa uku ne ke tattare da ita. Na farko komodo, wato ƴan hannuwan nan da ke kunna fitilu da sigina da abin share gilashi. Na biyu wurin saka makulli, wanda ake kira Neiman a garaji, da sunan mutumin da ya ƙera shi a Turai. Na uku gaɓar da ke ƙasa, wadda makanikai ke ce wa kardan. Duk umurnin da direba zai bai wa mota, ban da na ƙafa da na giya, ta nan yake bi.

Komodo shi ne ya fi saurin mutuwa, kuma ba tsufa kaɗai ke kashe shi ba. A tsofaffin motoci da yawa wutar manyan fitilu tana ratsawa ta ƴan bakunan tagulla da ke cikinsa. Ƙwan fitila na asali yana cin wat 60 in an kunna mai nisa, biyu ke nan suna jan amfiya 10 daga batir mai bolt 12. Direban da ke tafiyar dare tsakanin Maraɗi da Damagaram yana son ya hango amalanken shanu tun daga nesa, sai ya sa ƙwai masu wat 100. Nan take wutar da ake ja ta kai kusan amfiya 17, zafin da ke taruwa a bakin tagullar kuwa ya kusan ninka sau uku. In aka haɗa da ƙurar hunturu da ke shiga ta cakuɗe da tsohon giris, da zafin watan Afirilu, sai robar ta narke, tagullar ta kauce daga mazauninta.

Daga nan ne labarin da kowace garaji ta sani ke farawa. Mai gyaran wuta zai ce: "Alhaji, komodo ya ƙone, sai dai a sake wani." Alhaji zai amsa: "Haba, Malam, fasinja na tasha suna jira, ka yi mana dabara." Dabarar ita ce a yanke wayoyi, a jawo wata kai tsaye daga batir, a ɗaure mata ƙaramin makunni a gefe, ba fuzibil ba kariya. Mota ta tashi, kowa ya yi murna. Amma direban da a da yake rage fitila da ɗan yatsa, yanzu sai ya saki sitiyari yana laluben makunni cikin duhu daidai lokacin da tirela ke tunkaro shi. Wayar da ba ta da fuzibil kuwa, ranar da ta goge jikin ƙarfe, gobara ce cikin mota mai cike da mutane. An gudu gara an faɗa zago.

Gyaran gaskiya bai kai tsadar da ake tsoro ba. In robar ba ta narke ba, a buɗe komodon a kankare bakunan tagulla, a wanke, a shafa ɗan giris mai tsabta. In ta narke, a sake shi ɗungum. Sa'an nan a sa rele tsakanin batir da fitilu, tare da fuzibil daidai ƙarfinsu, domin komodo ya zama mai ba da umurni kawai, nauyin wutar ya bi ta rele.

Sai maganar makulli, wadda ta fi ta komodo haɗari. A cikin Neiman akwai wani harshen ƙarfe da ke faɗawa ramin sandar ya ƙulle ta idan an zare makulli, don maganin ɓarayi. Tarin makullan shago da na gida da ake ratayawa a jikin makullin mota suna cinye cikinsa sannu a hankali. Idan ya lalace, wasu sukan haɗa waya da waya su tada inji, su bar harshen nan a ciki an tare shi da tsinke ko guntun takarda. Rami ɗaya a hanyar Ƙonni ko ta Tawa ya isa ya sako shi. Sitiyarin da ya ƙulle mota na tsakar gudu ba shi da magani, ko da direban ya shekara 30 yana tuƙi. Neiman da ya lalace sauya shi ake yi gaba ɗaya. Notocin da ke riƙe shi an yi su ne kawunansu su karye wajen ɗaurewa, saboda haka sai an huda su kafin su fita, kuma sababbi ake mayarwa.

Ita kanta sandar tana da wani sirri. Tun wajen 1967 masu ƙera motoci a Amurka suka soma yin sanda mai nitsewa cikin kanta idan an yi karo, don kada ta soke ƙirjin direba, sauran ƙasashe kuma suka bi. Makaniken da ya buga mata guduma don cire sitiyari yana iya karya abin da ke riƙe da sassanta, in kuwa ya yi mata walda ya mayar da ita mashi. Ƙa'idar aikin ita ce a cire kan batir tukuna, a daidaita ƙafafun gaba, a yi alama tsakanin sitiyari da sanda, a sassauta babban noti ba tare da an cire shi duka ba, sa'an nan a ja. Motar da ke da jakar iska, a jira aƙalla minti ɗaya da rabi bayan cire batir, kuma kada a juya zoben wayar da ke ƙarƙashin sitiyari.

Ba a rasa dalilin da ya sa lallaɓawa ta zama ɗabi'a. Da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, kuɗin kayan gyara na waje ya yi tashin gwauron zabo, jama'a suka koma ga kayan da aka cire daga matattun motoci da dabarun garaji. Dabara tana da wurinta, a kujera ko a ƙofa. Ba ta da wuri a abin da ke riƙe da rayukan mutum goma sha.

Mai mota ba sai ya zama makanike ba kafin ya binciki dukiyarsa. Ya zauna mazaunin direba, ya kaɗa sitiyari hagu da dama: in ya yi wasa fiye da faɗin yatsu biyu kafin ƙafafu su motsa, a duba kardan da notinsa. Ya ja shi sama da ƙasa ya ji ko yana ƙara. Ya gwada sigina da oda da fitilu, ya taɓa murfin komodo ya ji ko ya yi zafi, ya leƙa ƙasa ko akwai wayoyin da aka naɗe da leda. Minti biyar sun isa. Kuɗin kwana guda da za a rasa a tasha ana mayar da shi, amma ran da ya salwanta a kan kwalta ba a sayo shi a kasuwa. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.